Shekarar da Dalma Ta Kwantar Mini da Hannu

Wannan rubutu naku ne, ku samarin da kuke shigowa shagona a bayan tashar Kawo, ku ɗauki soja ɗaya a tafin hannu, ku juya shi gaba da baya, ku ce ai wannan aikin kwana biyu ya isa mutum ya koya. Sunana Isiyaku, amma daga Kawo har Mando in ba Sarkin Yaƙi ka ce ba, babu mai nuna maka ƙofata. Na fi kowane janar a ƙasar nan yawan dakaru. Nawa ba sa cin abinci, ba sa neman hutu, kuma ba su taɓa yi mini juyin mulki ba. Mafi tsayi a cikinsu bai kai ƙaramin yatsana ba.

Saboda wanda bai taɓa gani ba, wasa ne na manya. Ana kafa babban tebur, a yi masa tuddai da rafi da bukkoki da itatuwa, a jera runduna biyu ta 'yan mutum-mutumi. Ɓangare ɗaya Baikin, mutanen jiragen ruwa daga ƙasashen ƙanƙara na arewacin Turai, masu gemu har cibiya, da gatari, da garkuwa zagayayya kamar faifai. Ɗaya ɓangaren Norman, mahaya dawaki masu sulke da kwalkwali mai karan hanci, garkuwarsu doguwa kamar ganyen ayaba. Wajen shekara dubu ke nan da mutanen nan suka gama yaƙinsu suka kwanta, amma mu a Kaduna ba mu yarda an gama ba. Ana auna tafiyar kowane soja da rula, a jefa 'ya'yan ludo a ga wanda sara ya samu. Ba a sa ko kwabo, don haka ba caca ba ce. Masu wasa su ke gwabzawa. Ni aikina in samar musu da waɗanda za su mutu, su tashi, su sake mutuwa Asabar mai zuwa.

Aikin farko da aka damƙa mini mashi ne. Ubangidana Baba Sajan, tsohon soja ne a Mando, wanda a zamanin aikinsa shi ke gina wa hafsoshi taswirar yashi da 'yan motoci na koyon dabarun yaƙi. Wani hafsa da ya dawo kwas daga waje ya kawo masa sojojin dalma cikin tafin hannu da littafin dokokin wasa, ya ce ya hayayyafa su. Daga nan sana'ar ta samo asali. Ranar da na je, Baba Sajan ya ajiye mini tulin wayar taya ta tsohon keke, da guduma, da magagari, wato abin goge ƙarfe. In yanka waya, in daka bakinta ya faɗaɗa, in goge ya yi tsini. Ya ɗauki na farko ya ce wannan muciya ce. Na biyu ya ce sandar makiyayi. Na yi ta yin mashi har ya zamana ko tuwo aka ajiye mini tsini nake fara yi masa kafin in kai baki. Sai da damina ta zo ta wuce kafin ya yarda na taɓa mutum.

Zubin mutum kuwa, ga yadda muke yi a da. Muna sayo tsofaffin batiran mota da 'yan nauyin da ake maƙala wa ƙafar mota daga kasuwar Panteka, mu ciro dalmar, mu narka a gwangwani bisa gawayi. Mazubin na roba ne, ɓari biyu, a barbaɗa masa hoda, a haɗe, a ɗaure da robar taya. Ka zuba da sanyi, dokinka ya fito da ƙafa uku. Ka zuba da zafi ainun, mazubin ya ƙone ka yi asarar dukan zuriya. Iska kuwa ita ce babbar abokiyar gaba, shi ya sa muke rufe ƙofa da taga mu zauna cikin hayaƙi kamar kifin da ake bandawa. In mutum ya huce, a goge layin da ke gefensa da magagari, ƙurar ta zuba a cinya, a manna shi kan tsohon kwabo, a barbaɗa yashin kogi a ƙafarsa.

Sannan fenti, wanda shi ne ainihin sana'ar. Sulke ba zana shi ake yi zobe-zobe ba, wanda ya gwada haka sai an kai shi asibitin ƙwaƙwalwa. Baƙi ake fara shafawa, in ya bushe a tsoma buroshi a ruwan azurfa, a goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, a shafa a hankali, sai zobban su taso da kansu. Gemun Baikin launi uku yake ci. Doki ya fi mutum wahala, domin Bahaushe zai yafe maka in ka ɓata fuskar Bature, amma ba zai yafe maka ƙafar doki ba. Duk wannan da buroshi mai tsinin da bai wuce gashi uku ba. Kuma Baba Sajan ya koya mini yadda ake fiƙe shi: ka ɗauraye a ruwa, ka sa tsakanin leɓɓanka, ka murza, ka zaro, ya fito kamar allura. Ya ce duk duniya ba a ƙera abin da ya kai miyau iya wannan aiki ba. In ya tashi aiki da yamma bakinsa kamar bakan gizo. Ni ma haka na tashi. A rana ina lasar buroshi fiye da yadda akuya ke lasar kanwa a shekara.

Bayan rasuwarsa na gaji mazubai da masu saye. Cibiyarsu garejin Alhaji Lawal a Unguwar Rimi, tsohon darakta a ma'aikatar gwamnati, wanda ke fitar da motarsa ta sha rana don teburin yaƙi ya sha inuwa. Shi Norman yake riƙewa, ya ce su ne masu tsari da bin doka. Babban abokin karawarsa Dakta Auwal, likitan yara, Bakano, shi kuma Baikin. Ni Bazazzagi ne, don haka ba ma gaisawa sai da tsiya. Na sha gaya masa cewa dole Bakano ya so mutanen da ke sauka garin wasu su kwashe kaya su tafi. Shi kuma ya ce fatauci ne, Bazazzagi ba zai gane ba. Akwai wani lauya da ya taɓa cewa in sa wa Baikin ɗinsa ƙaho a kwalkwali kamar yadda ya gani a fim. Dakta ya yi masa lacca har aka kira la'asar, a kan cewa mutanen nan ba su taɓa sa ƙaho ba. Na yi wa lauyan shanu guda biyu ya huce.

Mummunar shekarar ta fara da alheri. Bayan ƙaramar salla Alhaji Lawal ya ce yana son sabuwar rundunar dawaki, wadda za ta cika rabin tebur, a kawo ƙarshen rainin da Dakta ke masa. Doki na cin dalmar mutum huɗu. Na rufe ƙofa na hura wuta, kullum zubi, kullum guga. A nan nake cin rogo da ƙuli, a nan nake ɓare goro da yatsun da suka yi toka-toka, in goge hannu a riga in ci gaba.

Dama ina da wani ciwon ciki na shekara da shekaru, mai zuwa ya tafi. Wannan karon ya zo da kayansa ya tare. Murɗa kamar ana matse wanki. Mai kemis ya ce taifot ne, na sha magani. Wani ya ce olsa, na daina yaji, rayuwa ta daina daɗi. Matata Hajara ta dafa mini saiwoyin da ko kura ta sha sai ta tuba. Yayata ta zo daga Zariya ta ce sammu ne, wai dama mai ƙera mutane ba ya rasa maƙiya. Na rame har sai na riƙe wando in zan yi atishawa.

Duk wannan bai dame ni ba kamar abin da ya faru wata safiya cikin damina. Ina tsakiyar jan layin linzami a kan wani doki, buroshi ya suɓuce. Na ɗauka, ya sake suɓucewa. Cikin 'yan kwanaki wuyan hannuna na dama ya langaɓe kamar wuyan kazar da aka yanka. In na miƙa hannu, yatsun ƙasa suke kallo. Ina iya damƙe abu kaɗan, amma in ɗaga, babu. Mai ɗori ya murza ya ce babu karaya, babu targaɗe. Ga dawakin Alhaji jere a kan kanta, farare fat ba fenti, suna kallona. Mai fenti da babu hannun dama, ai sai ya nemi tiren sayar da goro, shi ma da hagu zai riƙa ba da canji.

Ban gaya wa kowa a Unguwar Rimi ba. Ranar Asabar na sa babbar riga, na cusa hannun a aljihu kamar ɗan siyasa, na tafi kallo. Ana cikin wasa wani Baikin na Dakta ya faɗo daga tebur, fentin gatarinsa ya ɓantare. Ya ce in taɓa masa. Na fito da 'yar jakata, na kama buroshi da hagu, na ɗauraye, na kai baki kamar kullum. Ina zarowa na ga Dakta ya ajiye 'ya'yan ludo yana kallona.

"Bazazzagi, fito da hannun nan. Ko sata ka yi aka sa maka alama?"

Na ce sanyi ne ya ɗan taɓa shi. Ya ce in miƙe shi in ɗaga tafin kamar zan tsayar da mota. Na miƙe, na yi ta ba shi umarni a zuci, ya ƙi ko motsi. Ya kama leɓena na ƙasa ya ja, a gaban darakta da lauya, ya haska fitilar waya. Ya kira Alhaji ya zo ya ga wani siririn layi shuɗi-shuɗi a dasashina, daidai gindin haƙora. Na ce fenti ne. Ya ce wannan fentin daga ciki aka shafa shi. Ya tambayi cikina, na ba shi tarihi tun daga taifot har sammu. Sai ya tambaya ko akwai lokacin da ciwon ke ɗaga mini ƙafa.

Nan na gyara tsayuwa, don wannan abin alfaharina ne. Na ce duk watan azumi garau nake, ciki shiru, kai sakayau, kuma na daɗe ina gaya wa mutane cewa wannan alama ce ta bayin Allah na musamman, abin da Bakano sai dai ya ji labari. Kowa ya yi dariya ban da shi. Ya tambaya ko ina zubi a azumi. Na ce wa zai zauna gaban wuta da ƙishirwa, ai kafin wata ya kama nake tara farare, a azumi fenti kawai. Ina cin goro a shago? Na ce da azumi? To buroshi fa, ina sa shi a baki? Na ce Allah ya kiyaye, in karya azumina saboda gemun arne? A jiƙaƙƙen tsumma nake murza shi, ina yi ina tsaki, har a ga wata.

"Malam Isiyaku," in ji shi, kuma tunda muke bai taɓa kirana da sunana ba, "ba azumi ke warkar da kai ba. Hana ka cin dalma yake yi. Wata goma sha ɗaya kana shaƙarta kana lasarta, wata ɗaya kana hutawa."

Ashe ya taɓa aiki a ƙauyukan masu haƙar zinariya, ya ga abin da dalma ke yi wa jiki. Ya tambayi abin da ya yi ajalin Baba Sajan. Na ce tsufa, da ciwon ciki, da rawar hannu. Ina faɗa ina jin abin da nake faɗa. Ni tambaya ɗaya ce a bakina, na yi ta: hannun zai dawo?

"Ban sani ba. Jijiya ce. Wani tasa takan farfaɗo, wani ba ta farfaɗowa."

Na shekara ashirin ina hulɗa da Kanawa, ban taɓa jin ɗayansu ya ce bai san abu ba sai ranar. A nan na gane maganar babba ce.

Gwajin jini ya fito, Dakta ya ce da za a matse ni da an samu batirin tirela. Aka gwada Hajara da yara saboda kayan aikin da nake komawa gida da su, Allah ya tsare, nasu da sauƙi. Aka kashe wutar shago, aka wanke shi tun daga rufi har daɓe, aka kwashe gwangwanaye da ƙurar shekaru. Hajara ta tattara rigunan aikina ta yi waje da su, har da wata da nake so tun ina saurayi, ina zargin dama ta daɗe tana haƙonta. Aka kafa doka a gareji, duk wanda ya taɓa soja sai ya wanke hannu kafin ya taɓa ƙosai. Aka ɗora ni kan wasu ƙwayoyi masu warin ruɓaɓɓen ƙwai, waɗanda in na yi gyatsa a cikin keke napep sai direba ya tsaya ya duba injinsa. Aka ɗaure mini wuyan hannu da wani ɗan allon roba, aka haɗa ni da masu gashin ƙashi, suna sa ni murza ƙwallo da tsintar wake ɗaya-ɗaya kamar yaron raino.

Sana'a kuwa dole a ci abinci, sai na koma yin filin yaƙin tebur da hannun hagu. Tudu na kwali da gam, ciyawa ta garin katako da aka rina kore, jinkar bukka ta soson wanka. Na yi wani tudu da ya fito kamar cikin akuyar da ta ci leda. Na yi wa Dakta jirgin ruwa mai kan dodo, duk wanda ya gani sai ya tambaya ina ɗaya ƙafar takalmin. Na kai su Unguwar Rimi ina jiran a yi mini ature.

Babu wanda ya yi dariya. Lauya ya ce kai, madalla. Dakta, Bakano guda, ya ce jirgin yana da wani irin kyau na daban. Alhaji Lawal ya ɗaga tudun nan ya ce ma sha Allah, ya ajiye shi a tsakiyar tebur. Ku fahimci wane ne wannan mutum. Shekarunsa talatin yana mayar wa ma'aikata takarda saboda waƙafi. Tunda nake masa aiki bai taɓa karɓar soja a kai na farko ba, sai ya sa tabarau ya nemo abin da zai ce a gyara, ko da igiyar takalmi ce. Yau shi ne ke ce wa cikin akuya ma sha Allah. Irin ma sha Allah ɗin da ake yi wa mara lafiya in ya iya shanye kunu. Ciwon ciki bai kwantar da ni ba, amma wannan yabo ya kusa. Duk Asabar in kai shirme, duk Asabar a yaba, a kuma ba ni kujera mai taushi kusa da fanka. Dawakinsa kuwa ya karɓe su, ya ƙi ba kowa ya fenta. Haka yake jera su farare, Dakta ya yi musu kaca-kaca, Alhaji ya tattara su ya mayar kwali.

Damina ta wuce, sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Cikina ya saki, wando ya fara zama da kansa, amma hannu shiru. Har na fara tambayar farashin tire. Sai wata rana a sallar azahar a masallacin tasha, ina zaune a tahiya, na zo wurin ɗaga manuniya. Wata da watanni a zuci kawai nake ɗaga ta. Ranar sai na ga ta tashi. Ba sosai ba, kamar ƙadangare ya leƙo daga rami. Na kusa riga liman sallama. Na fito ina ɗaga wa kowa yatsa, har wani kwandasta ya ɗauka fasinja ɗaya nake nufi, ya fara ja na zuwa motar Zariya.

Daga yatsa sai yatsu, daga yatsu sai wuyan hannu, a hankali kamar ƙarin girma a ma'aikata. Na koma ɗan koyo a shagona. Layi a kan kwali, safe da yamma, na farko kamar sawun maciji, na baya kamar sawun maciji mai hankali. Buroshi kuwa har yau a tsumma nake murza shi. Zubin dalma na bar shi har abada. Yanzu farare na roba nake saya, wasu daga waje, wasu daga injin da ɗayanku ya kawo yana cewa ya kashe mini kasuwa. Injin yana haifo mutum toka-toka mara gemu mara mutunci, sai ya biyo ta hannuna kafin ya zama Baikin. Duk wanda kuma na kama da buroshi a baki a shagon nan, da rula zan auna masa bayansa.

Da na ga layi ya fara jin magana, na ɗauko ɗaya daga dawakin Alhaji, na sa safar hannu, na zauna masa. Aikin da a da nake gamawa kafin shayi ya huce, ya ci mini mako. Doki akawal, baƙi wuluk mai sheƙi, mahayi da sulke, garkuwa ja da fari, tuta a bakin mashi. Na naɗe shi a auduga na tafi Unguwar Rimi. Na ajiye shi a gaban fararen 'yan'uwansa.

Aka tsayar da wasa. Alhaji ya ɗauka, ya laluba aljihu ya fito da tabarau, abin da rabona da in ga ya yi wa aikina tun kafin ciwo. Ya matsa bakin ƙofa wurin haske. Ya juya dokin hagu, ya juya dama, ya kifa shi ya duba cikinsa. Ni ina tsaye ina addu'a, Allah kar ya ce ma sha Allah. Ya daɗe har Dakta ya fara tari.

"Sarkin Yaƙi," ya ce, fuska a murtuke, "wannan wane irin aiki ne? Linzamin hagu ya fi na dama kauri. Haka za ka yi mini sauran? Mayar ka gyara."

Dakta ya ce dama an san aikin Bazazzagi, ya kuma ƙara da cewa a ɗauke masa wannan takalmin da na kira jirgi daga kan tebur, ya gaji da kare shi. Lauya ya janye kujera mai taushi ya zauna abinsa, ya bar ni a tsaye.

Na karɓi dokin na duba. Gaskiya Alhaji ya faɗa, ya fi kauri da kamar gashin gira ɗaya. Na ce ranka ya daɗe, za a gyara. Na naɗe shi a audugarsa, na fita na tsayar da keke da hannun dama, tafi a sama, na koma Kawo na gyara linzamin.

Asabar ta zagayo na kai masa. Ya ce yanzu kuma na dama ya fi kauri.